Gyambon kwanciya: a fatarmu ido ba ya ganin farkonsa, a gwada mana na'urar duba fata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, wata magana ce ta daɗe tana cina a rai tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma na san ba gidanmu kaɗai abin ya taɓa ba, duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a gefen gadon asibiti yana jinyar nasa zai gane abin da nake nufi. Maganar gyambon kwanciya ce, wannan ciwon da ke fito wa mara lafiya a ƙasan ƙugu ko a dunduniya in ya daɗe kwance a wuri ɗaya, da kuma wata 'yar na'ura da aka ƙirƙiro wadda ke duba fata ta nuna alamarsa tun bai fito fili ba.

Baba shanyewar ɓarin jiki ya samu, da asuba yana alwala ya faɗi, dama yana fama da hawan jini. Muka kwashe shi sai wani asibiti a nan cikin Zariya, ba zan kama suna ba don ba ƙarar kowa na kawo ba, kuma wallahi ma'aikatan da muka tarar sun yi iya ƙoƙarinsu. Lokacin bazara ne, kun san zafin nan na watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, ga katifar asibiti da leda a jikinta, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya sai ka ga zanin gado ya jiƙe sharkaf da gumi. Mu uku muke karɓa-karɓa, ni da Yaya da ƙaninmu. Hankalinmu gaba ɗaya yana kan bakin da ya karkace, da hannun da ba ya motsi, da awon jini safe da yamma, da ko yau zai iya kiran sunan wani a cikinmu. Bayansa kam ba wanda ya tuna da shi.

Kuma in faɗi gaskiya akwai kunya a ciki. Ɗan Bahaushe ya buɗe bayan mahaifinsa ya tsaya yana dubawa, abu ne mai nauyi ƙwarai. In za mu goge masa jiki sai mu lulluɓa masa zani, mu sa hannu ta ƙarƙashi da tsumma, fuska a kawar gefe. In za a canza masa famfas sauri-sauri muke yi, shi ma sai ka ga ya runtse ido, wani lokaci hawaye na bin gefen fuskarsa, mutumin da ko hula bai cika cirewa a gabanmu ba. Toh ta yaya za mu ga abin da ke faruwa a wurin?

A kwana na tara ne wata sista mai aikin dare, babbar mace ce, ta tsaya a kanmu ta ce, "Malam, yaushe rabon da ku juya Baba?" Na ce ai muna ɗan gyara masa filo. Ta girgiza kai ta ce, "Kama min kafaɗarsa." Muka mirgina shi, ta haska da tocilan ɗin wayarta. Daidai ƙashin nan da ke saman ɗuwawu fatar ta yi duhu fiye da sauran jikin, tana ɗan sheƙi, faɗinta kaman gindin kofin shayi, tsakiyar ta fara saɓulewa. Ta ɗora bayan hannunta a wurin, sannan ta kamo nawa hannun ta ɗora, na ji zafi, na ji tauri kaman an cusa wani abu a ƙarƙashi. Ta ce, "Wannan ya kwana biyu da farawa, daga ciki yake tasowa. Ku yi haƙuri, daga yau duk awa biyu a juya shi, ko da tsakar dare ne." Muka fara juyawa, amma aikin gama ya gama. Cikin sati biyu wurin ya buɗe ya zama rami, ana wankewa ana cusa auduga ana rufewa, in an zo wankin ciwon sai an janyo labule, warin kuma ba sai na bayyana ba, wanda ya sani ya sani. Shanyewar jikin ta fara sauƙi har yana ɗan motsa yatsu, gyambon ne ya riƙe mu, shi ya cinye kuɗin, shi ya hana shi barci, shi ya riƙa kawo masa zazzaɓi. Ajali dai na Allah ne ban isa in ce ga abin da ya kashe shi ba, amma wahalar da ya sha a watanninsa na ƙarshe da yawanta daga wannan ramin take, kuma abu ne da ake iya karewa.

Bayan an share makoki ne muna hira a waya da wata 'yar ƙanwar mahaifiyarmu da ke aikin nas a Ingila, na ba ta labari, ta yi shiru, sannan ta min bayanin da na so a ce na ji shi tun ranar da aka ba mu gado. Mutum mai lafiya ko barci yake yi yana motsawa, jikinsa na gaya masa wuri ya gaji ya juya bai ma sani ba. Wanda jikinsa ya shanye, ko ya karye a ƙashin baya, ko yake a sume, ba ya jin wannan saƙon, ko yana ji ba ya iya juyawa. Nauyin jiki sai ya matse naman da ke tsakanin ƙashi da katifa, ƙananan jijiyoyin jini su toshe, naman ya rasa jini ya fara lalacewa, kuma a 'yan awoyi kaɗan ɓarnar na iya farawa, ba sai an yi kwanaki ba. In aka ƙara da gumi da fitsari da ke jiƙa fata, da jan mara lafiya a kan zanin gado maimakon a ɗaga shi, da rashin cin abinci mai gina jiki, shikenan an haɗa komai. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu, na farko fata ba ta fashe ba, na biyu ta saɓule ko ta yi bororo, na uku ya shiga kitsen da ke ƙarƙashin fata, na huɗu ya kai tsoka har ƙashi, kuma daga nan ne ƙwayoyin cuta ke iya shiga ƙashi ko su shiga jini.

Ga inda maganar ta fi damuna, Malam Edita. Alamar matakin farko da ake koyarwa ita ce wurin ya yi ja, in ka danna da yatsa jan bai washe ba. Wannan a jikin Bature ne, ko mai hasken fata sosai. A jikin Baba wane ja za ka gani? Mu fatarmu in abin ya fara sai dai ta ƙara duhu kaɗan, ko ta yi kaman shuɗi-shuɗi, ko ta yi sheƙi, kuma a ɗakin da ƙwan lantarki ɗaya ne ko babu wuta sam, ko ƙwararriyar nas sai ta wuce ba ta lura ba. Binciken da aka yi a gidajen kula da tsofaffi a Amurka ya nuna baƙaƙen fata sun fi samun wannan gyambon, kuma an fi gano nasu bayan ya riga ya yi zurfi. Wato mu ne ido ya fi yaudara, sabida haka mu ne muka fi kowa buƙatar abin da zai duba ba da ido ba.

Na'urar da 'yar'uwar tamu nas ta gaya min ana kiranta SEM Scanner, sabon samfurinta kuma Provizio, wani kamfani ne a Los Anjalis mai suna Bruin Biometrics ke yinta, kuma tushenta bincike ne da aka yi a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis, cikin waɗanda suka yi aikin akwai Farfesa Barbara Bates-Jensen wadda ita kanta malamar jinya ce. Abar 'yar ƙarama ce, a hannu ake riƙewa, ba allura, ba yanka, ba irin hasken hoton ƙashi. In nama ya fara lalacewa a ciki, abu na farko da jiki ke yi shi ne kumburi, ruwa ya fara tsattsafowa daga jijiyoyin jini yana taruwa a ƙarƙashin fata tun saman bai nuna komai ba. Toh wannan ruwan take aunawa. Nas za ta ɗora kanta a kan fata a wurare da dama kusa da juna, a ƙasan ƙugu da kuma dunduniya biyu, waɗanda su ne wuraren da gyambon ya fi kamawa, na'urar ta kwatanta awon, in bambancin ya kai 0.6 ko ya wuce sai a san wurin nan yana cikin haɗari a tashi tsaye a kansa. A binciken da aka gabatar kafin a ba ta izini an ga tana nuna alama wajen kwana 5 kafin idon nas ya gani. Hukumar FDA ta Amurka, wato kaman NAFDAC ɗinmu, ta amince da ita a watan Disamba na 2018. A 2019 kuma babban kundin ƙa'idojin kula da gyambon kwanciya da ƙungiyoyin masana na Turai da Amurka da yankin Fasifik suka fitar tare, ya ba da shawarar a riƙa la'akari da awon wannan ruwan da kuma awon zafin fata in ana duba masu duhun fata. Ruwan da ke ƙarƙashin fata ba ruwansa da launi, na Bature da na Bazazzagi duk ɗaya na'urar za ta auna.

Kwana biyar. Na zauna na ƙirga, da an auna Baba a kwana na uku ko na huɗu aka ce mana ga wuri nan ya fara, wallahi da kunyar nan mun ajiye ta gefe tun a ranar.

Amma ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba don kar a ce talla nake yi, ba ni da haɗi da kamfanin ko na sisin kwabo. Hukumar NICE ta Ingila mai tantance magunguna da kayan asibiti ta duba na'urar a 2020, ta ce akwai alamun amfani amma hujjojin ba su kai a ce kowane asibiti ya ɗauka ba tukuna, a ƙara bincike. Kuma tana yawan nuna haɗari a wurin da daga baya gyambo bai fito ba. Ni a ganina wannan bai kai laifin a rasa ganin ciwon ba, in aka juya mutum aka ɗaga masa dunduniya alhali da ma ba abin da zai same shi, me aka rasa? Sai dai a ɗakin da nas biyu ke kula da gadaje masu yawa da daddare, duk ƙarin aiki nauyi ne, dole a yi lissafinsa. Ga tsada, kayan waje ne da dala ake saye, ga caji, ga wani samfurin da ake canza masa kai ga kowane mara lafiya, kuma mun sha ganin na'urori masu tsada an kawo an yi biki an yanke kirtani, bayan shekara ɗaya suna cikin sito ƙura ta rufe su sabida wani ɗan ƙaramin abu ya lalace ba mai gyara. Sannan babbar magana, na'urar ba ta juya kowa. In ta nuna 0.6 ba a samu hannun da zai mirgina mara lafiya ba, gyambon zai fito kaman ba a auna ba.

Shi ya sa abin da nake roƙo ba wai gwamnati ta yi odar ɗaruruwa ta raba ba ne. A gwada ta a nan, a kan fatarmu, a cikin zafinmu, a kan irin katifunmu. Zariya ba ta rasa masu wannan aikin ba. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, muna da asibitin koyarwa a Shika da ake turo marasa lafiya daga jihohi da dama, akwai makarantar koyon jinya, akwai likitocin ƙashi da na ƙwaƙwalwa da na gyaran fata, ga injiniyoyin lantarki a Samaru. A samo guda biyu ko uku, a sa a ɗakin masu shanyewar jiki da na waɗanda suka karye a ƙashin baya, waɗanda haɗarin mota da na babur a hanyar Kaduna zuwa Kano ke kawowa ba dare ba rana, yawancinsu ma samari ne, a auna na wasu watanni a rubuta abin da aka gani, a gaya mana gaskiya ko ta yi amfani ko ba ta yi ba. Hukumar NICE cewa ta yi a ƙara bincike, toh ina ya fi dacewa a yi binciken duhun fata in ba inda kusan duk marasa lafiyar masu duhun fata ne ba? Akwai ma wata hanyar ta kyamarar da ke ɗaukar zafin jiki, wurin da ya fi kewayensa zafi ko sanyi sai ya fito a hoto, ita ma ana amfani da ita wajen duba fata, ɗaliban injiniya da na jinya za su iya haɗa kai su duba wace ce ta fi dacewa da aljihunmu. Masu hannu da shuni na Zazzau da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka musu, wannan ma sadaka ce mai gudana.

Kafin na'ura ta iso kuma, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. A asibitocinmu mai jinya shi ne rabin nas, shi ke wanka, shi ke ba da abinci, shi ke kwana a gefen gado, musamman yanzu da ma'aikatan jinya ke ta tafiya ƙasashen waje waɗanda suka rage aiki ya musu yawa. Amma ba wanda ke zaunar da mai jinya ranar farko ya koya masa. Minti goma ya isa. A ce masa juya shi duk awa biyu, dama, baya, hagu, kuma in an juya shi gefe kar a ɗora shi tsaye a kan ƙashin kwankwaso, a ɗan karkata shi ne a tokare bayan da filo. A sa filo a ƙarƙashin ƙwabrinsa yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa katifa ba. In za a matsar da shi mutum biyu su ɗaga da zani, kar a ja. In ya jiƙe a canza nan take a tsane fatar a hankali, da hunturu kuma a shafa mai kar ta bushe ta tsage. Kar a murza wurin da ya canza launi, mu da muka gani har cewa muka yi bari mu mulke da man zafi jini ya gudana, Allah ya sa sistar nan ta hana mu, ashe murzawa ƙara ɓata naman take yi. A ba shi ƙwai da wake da kifi da nono gwargwadon hali da abin da likita ya yarda, ba kunu zalla ba. Sannan kullum a buɗe a duba da haske mai kyau, a taɓa da bayan hannu, zafi, sanyi, tauri, laushi fiye da kima, duk alamu ne, ƙeya da kafaɗa da gwiwar hannu da idon sawu su ma a duba. Su ma ma'aikata suna da ma'aunin da ake kira Braden tun 1987, tambayoyi ne a kan abu shida, jin taɓi, danshi, yawan tashi, iya motsi, cin abinci da gogar fata, maki daga 6 zuwa 23, in makin ya yi ƙasa haɗari ya yi sama. Takarda da biro kawai yake buƙata, dan Allah a riƙa cikewa ranar da aka ba mutum gado, kuma a gaya wa 'yan'uwansa sakamakon da Hausa.

Waɗanda ke kwance a gida ma sun fi ban tausayi. Tsohuwa ta zame a banɗaki ta karye a kwankwaso, an kira mai ɗori ya ɗaure ya ce kar ta motsa, tana ɗaki a kan tabarma ko katifar da ta lotse wata biyu, ga kawaici irin na iyayenmu mata, tana jin raɗaɗi ba za ta faɗa wa ɗanta namiji ba, sai ranar da wari ya fallasa. A cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari da ƙauyukan da ke kewaye da mu irin wannan ba ya ƙirguwa. Ina roƙon gidajen rediyonmu su sa wannan a shirye-shiryen lafiya, akwai ma ranar da duniya ta ware don yaƙi da wannan ciwon, Alhamis ta uku a watan Nuwamba, a gayyato nas ta yi bayani da Hausa a buɗe layi mutane su yi tambaya. Malamanmu kuma dan Allah su taimaka da maganar kunyar nan a wajen karatu da huɗuba, su bayyana wa mutane hukuncin lalura a jinya, cewa ɗa ya duba jikin mahaifinsa ko 'ya ta duba na mahaifiyarta don kare su daga cuta yana cikin kyautata wa iyaye. Da mun ji wannan daga bakin malami da ba mu riƙa kawar da kai ba.

Satin da ya wuce na je duba mahaifin wani abokin aikina, shi ma shanyewar jiki ce, kwanansa uku a gado. Bayan mun gaisa na ja abokin nawa waje na tambaye shi ko sun duba bayan Baba, ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya da nauyi. Na ce na sani, zo mu je tare. Muka nemi izinin dattijon, muka janyo labule, na kama kafaɗa ya kama ƙugu muka mirgina shi, na haska da waya. Ban ga komai ba, na taɓa ban ji zafi ba, muka sa masa filo a ƙarƙashin ƙafa, na rubuta musu lokutan juyi a bayan kwalin magani. Har na hau babur zuwa gida ina tunanin ko akwai abin da ya riga ya fara a ciki wanda idona da hannuna ba su kai gare shi ba.

Na gode da wannan fili, Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya.

Naku,
Wani mai karatu daga Tudun Jukun, Zariya.